Yadda mai gudu a Zariya zai shirya wa tseren hawan dutse

Duk gasar tseren dutse da ta san abin da take yi, lamba biyu take ba ka: tsawon hanya da kilomita, da yawan hawan da za ka yi da mita. Ta biyun ce ke kayar da mutanenmu, domin Zariya gari ne shimfiɗaɗɗe. Mutum zai taso da gudu daga Samaru, ya bi ta Kwangila har Ƙofar Doka, bai gamu da tudun da zai sa shi dafa gwiwa ba. Shi ya sa wanda ke cinye kilomita 15 a kwalta ba tare da haki ba, sai ka ga ƙafarsa ta mutu a kilomita ta huɗu idan hanya ta miƙe sama.

Masu harkar suna da lissafi mai sauƙi: kowace mita 100 ta hawa, ka ɗauke ta a matsayin ƙarin kilomita ɗaya. Ɗauki tseren Obudu da aka riƙa yi a Jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005 zamanin gwamna Donald Duke, har na ɗaya ya riƙa tafiya da dala 50,000. Tsawonsa kilomita 11 ne da 'yan kai, amma hawan ya kai wajen mita 800, a kan hanya mai yawan kwana, ana ƙarewa a kusan mita 1,600 daga doron teku. A lissafin nan, wahalarsa ta kilomita 19 ce. Na Dutsen Kamaru kuwa, da ake tashi daga garin Buea tun 1973, ana kaiwa ƙololuwar da ta haura mita 4,000 daga doron teku a dawo ƙasa. Wannan ba na sabon shiga ba ne, ko kusa.

Zaɓen gasa da rajista

A karon farko nemi mai kilomita 10 zuwa 15, wadda hawanta bai wuce mita 800 ba. Kafin ka biya ko sisi, karanta takardar dokokin gasar ka tabbatar da waɗannan: hawa ne zalla ko hawa da sauka, kwalta ce ko turbar duwatsu, wurin shan ruwa nawa ne kuma a wace kilomita, ƙarfe nawa ake rufe hanya ga wanda ya makara, wane kaya ne dole ka ɗauka, kuma wa ke kula da wanda ya faɗi. Gasar da ba ta ce komai a kan ma'aikatan lafiya ba, ƙyale ta. Haka wadda ta ce ka tura kuɗin rajista asusun wani mutum da sunansa. Fara tambaya a hukumar wasanni ta jihar da abin zai gudana, ko wajen hukumar guje-guje ta ƙasa, AFN. Cika fom da sunan da ke jikin katin shaidarka, don da shi za a ba ka lambar ƙirji.

Sai asibiti. A auna hawan jini, a saurari zuciya, kuma ka san rukunin jininka na sikila. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, mafi yawansu kuma lafiya lau suke gudu. Sai dai haɗuwar gudu mai tsanani da zafi da ƙarancin ruwa a jiki da tsawon dutse tana iya jawo wa mai AS faɗuwa farat ɗaya, ko ciwo mai tsanani a hagun ciki, wajen saifa. Mai AS ya gaya wa likita ainihin tsawon dutsen da za shi. Mai SS ko SC, wannan wasa ba nasa ba ne sai da izinin likitansa.

Tara hawa a garin da ba tudu

Kana bukatar mako 16, idan dama kana iya gudun minti 40 ba tsayawa sau uku a mako. Wanda bai kai nan ba ya fara da wannan tukuna, wata biyu ko uku.

Kwana huɗu a mako sun isa. Biyu gudu ne mai sauƙi, minti 40 zuwa 50, irin wanda kake iya hira da abokin gudunka. Idan magana tana yankewa, ka yi sauri da yawa. Ɗaya doguwar tafiya ce ta ƙarshen mako, a fara da awa ɗaya ana ƙara minti 10 duk mako har awa biyu. Na huɗun shi ne ranar tudu, kuma a kansa komai ya rataya.

Abin da muke da shi a kusa shi ne Dutsen Kufena ta wajen Wusasa. Ba zai ba ka mita 800 a miƙe ba, don haka maimaitawa za ka yi. Nemi gefen da za ka hau cikin minti ɗaya zuwa biyu, ka auna shi da manhajar gudu ta waya. A ce ya ba ka mita 40: hawa goma, mita 400 ke nan. Ka yi ɗumin jiki na minti 15 a ƙasa, ka hau da ƙarfin da za ka iya maimaita shi sau goma iri ɗaya, ka sauko a hankali. Kuskuren kowa shi ne cinye ƙarfi a hawa uku na farko. Idan na takwas ya fi na farko jinkiri da sama da daƙiƙa 15, ka fara da zafi. Kada ka je kai kaɗai, kada ka kai magariba, kuma gida su san inda kake. Gindin dutsen gonakin mutane ne. "Sannu da aiki, Baba, ta ina za mu bi kada mu taka shuka?" ta fi kowace taswira amfani, kuma shi zai gaya maka gefen da ke da santsi.

Ranar da ba halin zuwa Kufena, matakala ta wadatar. Hawa ɗaya na bene kimanin mita 3 ne, don haka mai hawa huɗu ya ba ka mita 12, sau 25 kuwa mita 300. Abin gundura ne, amma ƙafa ba ta san bambanci ba. Gadar sama ta Kwangila dai a bar wa tireloli, hayaƙin kaɗai ya isa dalili.

Rubuta mitocin hawanka duk mako. Makonni huɗu na farko, mita 200 zuwa 300. Daga na biyar zuwa na goma, ka kai shi 600 zuwa 800 sannu a hankali. Tsakanin na 11 da na 14, a samu rana biyu ko uku da ka tara kashi uku cikin huɗu na hawan gasar a zama ɗaya. Duk mako na huɗu ka rage aiki da kashi ɗaya cikin uku, domin a hutu jiki ke ginuwa, kuma agara da gwiwa sun fi huhu jinkirin sabawa. Mai hali ya yi tafiya ɗaya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka, da rana. Garin kansa yana kan wajen mita 1,200, ga duwatsun Shere a gefe, inda za ka ɗanɗana hawan minti 30 ba yankewa. Ba banza ba 'yan Filato, musamman na Pankshin, suka yi suna a gudun fanfalaki a ƙasar nan.

Yadda ake hawa: gajeren taku mai yawa, a kan gaban tafin ƙafa, jiki ya ɗan karkata gaba tun daga idon sawu. Kada ka naɗe daga ƙugu, ƙirji zai matse numfashi ya ƙi shiga. Idan gangaren ya yi tsaye har gudunka bai fi tafiya sauri ba, koma tafiya: tafin hannu a kan cinya dab da gwiwa, kana danna kowace ƙafa kana tura kanka sama. Manyan zakaru ma haka suke yi, babu abin kunya. Amma sai an koye ta a atisaye, in ba haka ba baya ne zai riƙe.

Saukowa ita ce ke lalata ƙafa

Hawa huhu yake ci, da ka tsaya ka huta ya wuce. Gangara kuwa naman cinya take yayyagawa, saboda a kowane taku naman yana miƙewa alhali yana ɗauke da nauyinka yana taka maka birki. Ba a jin abin a ranar. Sai kwana na biyu mutum ya kasa durƙusawa a sallah. Maganinsa shi ne sabawa: gangara kaɗan, sau ɗaya a mako, tun daga mako na uku, domin jikin da ya taɓa shan wannan tsamin ba ya sake jin sa da tsanani haka na wasu makonni.

Mai tsoro yakan jingina baya ya miƙa ƙafa gaba ya dira da diddige, kamar mai keke da ya damƙe birki tun daga saman tudu. Nan gwiwa ke shan duka, nan kuma ake zamewa, tunda nauyi yana bayan ƙafa. Daidai shi ne jiki ya bi gangaren, gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere da sauri, hannuwa a buɗe don daidaito. Idonka ya kasance taku uku ko huɗu a gaba, ƙafa za ta bi inda ido ya riga ya zaɓa. Falalen dutse busasshe yana riƙe takalmi sosai. Wanda ruwa ya jiƙa, ko mai baƙin zane inda ruwa ke bi da damina, santsi ne tsantsa. Mafi sharri shi ne tsakuwa ƙanana a kan falale. Wuri mai tsaye sosai a sauko shi a karkace, dama da hagu.

Sau biyu a mako, minti 20: tsuguno da tashi sau 15 zagaye uku, hawa benci da ƙafa ɗaya sau 12 kowace ƙafa, ɗaga diddige a bakin matakala sau 20 kana sauke shi a hankali, da tsayuwa kan ƙafa ɗaya ido rufe na daƙiƙa 30. Na ƙarshen nan shi ke rage targaɗe.

Lokaci, takalmi, ciki

A Maris da Afrilu fita bayan asuba, ka dawo kafin takwas. Da hunturu ƙara ɗumin jiki, kuma ranar da hazo ya rufe gari mai asma ya zauna. Cikin azumi a mayar da ranar tudu bayan buɗa baki da awa biyu, a matakala mai haske. Zazzaɓi kuwa ba a gudu da shi, ko na maleriya ne ko na mura. A gama magani, a ƙara kwanaki, sannan a dawo da sauƙi.

Takalmin turba yana da haƙora a ƙasa masu zurfin milimita 4 zuwa 6. Na hanyar kwalta irin ta Obudu kambas na gudu ya isa. Idan gwanjo za ka saya a kasuwar Sabon Gari, je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita. Lanƙwasa shi ka duba ko gam ya saki, danna tsakiyar soson ka ji ko ya mutu. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, in ba haka ba gangara za ta baƙanta maka farce ya fita. Ka yi aƙalla mako huɗu kana gudu da shi kafin gasa. Safar auduga tana riƙe gumi ta kawo bororo. Shafa basilin a matsematsi da hammata. Mata su gwada dogon wando da hijabin wasanni a doguwar tafiya tukuna, don a ga inda ɗinki ke gurza fata.

Don sanin ruwan da kake bukata, hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa: kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta gumi. Yawancin mutane ledar fiya wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa ta ishe su, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Ɗura ruwa zalla fiye da kima shi ma haɗari ne, yana tsarma gishirin jini har mutum ya rikice. Haɗin gida: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudun da ya wuce minti 90 yana son giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari a awa, wato ayaba ɗaya da dabino huɗu ko biyar. Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac kafin tsere. Tare da ƙarancin ruwa suna taɓa ƙoda. Tramadol kuwa hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya, ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024, ban da cewa yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai.

Makonni biyun ƙarshe da ranar gasa

Rage aiki zuwa rabi, ka bar gangara mai ƙarfi kwana goma kafin ranar. Isa garin da kwana biyu, don zaman mota na yini guda yana sandarar da ƙafa, kuma ka samu karɓar lambarka ka ga farkon hanyar. Tafi da rigar sanyi: duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6, ga iska ga jiƙaƙƙiyar riga. Ciwon tsauni, wato ciwon kai da tashin zuciya da jiri, yawanci sai an haura mita 2,500, kuma maganinsa saukowa.

Daren gasa ci abin da ka saba, shinkafa ko tuwo, ba yaji da yawa. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin tashi, koko da burodi da ayaba. Ƙosai da wake a bari sai an dawo. Maƙala lambar a ƙirji da fil huɗu, ƙulla igiyar takalmi sau biyu. Da an busa usur jama'a za su zabura, bar su. Kashi ɗaya cikin uku na farko ka tafi ƙasa da ƙarfinka, da yawansu za ka tarar da su a gaba sun dafa ƙugu. A turba mai ƙunci ka yi magana kafin ka wuce mutum, kuma idan ka ture dutse ya gangara, ɗaga murya na ƙasa su ji.

Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu, ko sanyi da tsigar jiki na tashi cikin rana: tsaya, nemi inuwa, gaya wa jami'i mafi kusa lambarka. Bayan gamawa sa rigar sanyi nan take, ka ci wani abu cikin awa ɗaya. Tsamin cinya na kwana uku ba komai ba ne, tafiya a hankali ke warware shi, kuma gudu ya jira kwana biyar zuwa mako. Amma idan fitsari ya koma launin baƙin shayi, ko ya ƙi zuwa duk da ruwan da ka sha, alama ce naman jiki ya farfashe yana toshe ƙoda, kuma asibiti za ka nufa a ranar.