Kurakuran da muka fi yi wajen sharhin hoton kogi da daji da aka yi wa gyara mai yawa

A Yamai yanzu da wuya ka sami fadar matasa da babu mai ɗaukar hoton faɗuwar rana, ko daga kan gadar Kennedy da ke kan kogin Neja ko daga tudun da ke kallon Harobanda, unguwar ƙetaren kogi. Zai ɗauka, ya shigar da shi manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom, ya ƙara masa launi, ya turo wa abokai. Amsar da yake samu ba ta wuce biyu: ko "Masha Allah, ya yi kyau", ko "ƙarya ne, ba haka kogin yake ba". Babu wadda ke koya masa komai a cikinsu, kuma abin yana damuna, don muna da yara masu ido sosai.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar gyaran kansa a matsayin laifi. Gyaran hoto ya girmi kakanninmu. Tun shekarun 1850 Gustave Le Gray na Faransa yake ɗaukar sama daban, teku daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, saboda kayan aikin lokacin ba sa iya riƙe hasken biyun tare. Ansel Adams na Amurka ya ɗauki hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, daga baya ya riƙa duhunta samansa a ɗakin wanke hoto. Wayar da ke hannunka ma takan ɗauki hotuna da yawa a ƙiftawar ido ta haɗa su kafin ka gani. Saboda haka kafin ka ce komai, tambayi mai hoton: "Ƙanena, wannan shaida ne ko ado?" In ya ce ga yadda ambaliyar 2020 ta yi wa unguwannin bakin kogi, to ƙara hadari ko goge wani gida ha'inci ne, a faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. A kan irin wannan ne gasar World Press Photo ta 2015 ta kori kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen dab da ƙarshe. In kuwa na ratayewa a falo ne, yana da damar yin yadda ya so, sai dai a duba ko ya iya.

Na biyu, magana a dunƙule. "Gyaran ya yi yawa" ba sharhi ba ne. A ina ya yi yawa, me ya jawo shi? Ɗora yatsa a wurin. Farin zaren haske da ke zagaye kan giginya ko gefen dutse yana fitowa ne in an duhunta sama da ƙarfi ko an matsa kaifin hoto fiye da kima. Maganinsa a rage, ko a ware saman a gyara shi shi kaɗai. Saman da ya rabu layi-layi maimakon launinsa ya sauka a hankali, alama ce an ja fayil ɗin JPEG, wato matsattsen hoton da waya ta saba bayarwa, fiye da ƙarfinsa wajen gyara. JPEG matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, RAW kuwa, wato ɗanyen fayil kamar yadda kamara ta ɗauko shi, 4,096 ko 16,384, shi ya sa yake jure ja. Tsaki-tsakin da ke cikin inuwa daga buɗe duhu da yawa yake. Jar ƙasarmu kuma in aka cika mata launi sai ta koma kamar manja, duk tsagar marmara ta ɓace. Wanda aka nuna wa wuri ɗaya daga cikin waɗannan zai koma gida da aikin yi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mu ajiye sanin ƙasarmu a gefe, mu auna hotunanmu da na Turai. Wani zai ga hoton da aka ɗauka cikin hunturu ya ce sama ba ta yi shuɗi ba, a goge hazon. To hazon nan ai shi ne hoton. Shi ke mayar da rana farin faifai, ya dusashe tuddan ƙetaren kogi ɗaya bayan ɗaya. In ka goge shi ka goge watan Janairu. Haka ruwan kogi: a Agusta da Satumba ja ne, saboda lakar da ƙananan kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa su zuba masa. Wajen Janairu, lokacin da ruwan Gine ya iso, launinsa ya sauya. A Mayu da Yuni kuma ya janye, rairayi ya fito tsakiya. Wanda ya mayar da ruwan Agusta shuɗi, masunci ko mai wankin bakin gada zai gane a kallo ɗaya.

Ga kuma gawo. Kowane manomi ya san yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. In ka ga gawo cike da ganye, ƙarƙashinsa ciyawa shar, sama kuma hadari ya haɗo, ka san hoton rani ne aka yi wa fentin damina. Tun da manhajar Photoshop ta kawo maɓallin canza sama a 2020 irin wannan ya yawaita. Dubi inuwa: in samaniya ta magariba ce amma inuwar kwalekwale tana ƙarƙashinsa gajeriya, da tsakar rana aka ɗauka. Dubi ruwa: abin da ke sama dole ya bayyana a cikinsa. Irin wannan sharhin babu baƙon da zai yi shi fiye da mu.

Kada kuma a yanke hukunci a kan abin da WhatsApp ya matse. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil, ka daidaita hasken wayarka, ka shiga inuwa.

Sai ladabi. Yaron da ya fara jiya ba a tara masa laifi goma a gaban jama'a. Faɗi abin da ya yi daidai da gaske, misali inda ya tsaya ko lokacin da ya zaɓa, sannan ka kawo gyara ɗaya ko biyu. In babba ne, same shi shi kaɗai: "Malam, da an ɗan sassauta saman nan, ya kuka gani?" Kuma kar ka ɗauki hoton mutum ka sake gyara shi ka watsa ba da izininsa ba.

Mai karɓar sharhi shi ma yana da nasa. Mafi yawa shi ne saurin cewa "salona ne". Salo abu ne da ka zaɓa da saninka. In ba ka lura da farin zaren nan ba sai da aka nuna maka, ba salo ba ne, kuskure ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wasu kuma suna ɓoye asalin hoton. Nuna shi tare da gyararren, ka faɗi abin da ka canza: na sauya sama, na goge wayar lantarki da ledoji. Da haka mai dubawa zai san ko matsalar daga ɗauka take ko daga gyara, don hoton da samansa ya ƙone fari fat tun a kamara babu manhajar da za ta dawo da girgijensa.

Akwai kuma masu bin kowace shawara har hoton ya tashi daga nasu. Ba dole ba ne. In mutane uku da ba su haɗa baki ba sun nuna wuri ɗaya, koma ka duba. In mutum ɗaya ne ya ce shi dai ba ya son jan launi, ka gode masa ka bar abinka. Kuma kar ka gyara a daren da aka yi maka magana, rai a ɓace, ido ya riga ya saba da launin. Ajiye asalin fayil ɗin, ka yi aiki a kan kwafi, ka bari sai da safe. In ka buɗe, mayar da kowane ma'auni rabin inda ka kai shi, ka jera tsohon da sabon gefe da gefe kafin ka zaɓi wanda za ka fitar.