Masu son kiɗan piyano, ku daina ji da lasifikar waya

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu sauraron piyano zalla, babu waƙa babu ganga, irin wanda makaɗi ke tsarawa idan teku, duwatsu ko dusar ƙanƙara sun taɓa masa zuciya. Don Allah ku riƙa sa abin kunne, ko da mai araha ne. Lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, wanda hannun hagu ke bugawa, kuma a nan nauyin kiɗan yake. Na daɗe ina cewa ba shi da armashi, ashe rabinsa kawai ke isowa kunnena.

Ku gwada da wanda Ludovico Einaudi, ɗan Italiya, ya kaɗa a 2016 bisa wani dandamali mai yawo a kan teku a Svalbard, can arewacin Norway. Yana cikin bugawa sai ɓangaren ƙanƙara ya rufto cikin ruwa. Da abin kunne za ku ji rugugin sosai, ni har tsigar jikina ta tashi.

Kada ku ƙure ƙara tun farko, domin irin wannan kiɗa a hankali yake farawa sannan ya cika. In da hali ku sauke shi a waya, kar talla ta katse muku.