Neman fuskar mai zane: yadda sabon zuwa zai fara da gidajen zane-zane na Turai

Wanda ya sauka a Landan, Madrid, Rum ko Florence don karatu ko aiki, ba zai daɗe ba abokan aji ko na ofis za su ja shi gidan zane-zane. Da yawa daga cikinmu sukan shiga, su bi ɗaki bayan ɗaki har ƙafa ta gaji, su fito ba su riƙe komai ba. Maganin wannan shi ne ka shiga da abu guda da kake nema. Abin da muke ba da shawara a fara da shi: nemo fuskar mai zanen a cikin aikinsa, domin tsoffin gwanayen Turai sun sha ɓoye kansu a tsakiyar jama'ar da suka zana.

A Italiya ta ƙarni na 15, mai zane ɗan sana'ar hannu ne kamar maƙeri ko magini. Attajiri ko coci ke ba da aikin, a rubuta yarjejeniya har da irin launin da za a sa, kuma sunan mai kuɗin ne ke fita. Sa fuskarsa a gefe ita ce hanyar da mai zane ke sa hannu, kamar yadda malamin da ya kwafe littafi a Kano ko Katsina yake rubuta sunansa a shafin ƙarshe yana roƙon addu'ar mai karatu. Sannan akwai neman daraja: in ka tsaya a hoto ɗaya da manya, ka nuna cewa kana shiga fadarsu.

Alamomin gane shi uku ne, kuma sukan zo tare. Yana can bakin zanen, yawanci ta dama. Bai shiga cikin abin da sauran ke yi ba. Kuma idonsa na kanka, saboda a madubi ya kalli kansa yana zanawa, wanda ya zana kansa daga madubi kuwa dole idonsa ya fuskanci mai kallo.

Gwada wannan a gidan zane-zane na Uffizi da ke Florence, gaban zanen Botticelli na wajen 1475 da ke nuna masu hikima sun kawo gaisuwa ga jariri Annabi Isa. Dangin Medici, masu mulkin garin, sun cika tsakiya. A ƙarshen dama wani saurayi cikin mayafi ruwan ɗorawa ya juyo yana dubanka, masana sun daɗe da ɗaukarsa Botticelli ne. Raphael ma haka ya yi a zanen bangon da ya tara masanan Girka a fadar Fafaroma da ke Vatican, tsakanin 1509 da 1511: duba can dama, kusa da masu riƙe da ƙwallon duniya, za ka ga matashi da baƙar hula.

Wanda ya fi cancanta ka ba shi lokaci shi ne Las Meninas na Velázquez, 1656, a gidan zane-zane na Prado da ke Madrid. Tsayinsa ya haura mita 3. Kada ka matsa kusa da farko. Tsaya daga nesa, daidai tsakiya. Yarinyar da ke tsakiya 'yar sarki ce, Margarita, tana da shekara 5. Sarki Felipe na huɗu da matarsa kuwa ba ka ganinsu sai a wani ƙaramin madubi a bangon baya, dishi-dishi. Mai zanen shi ne a tsaye ta hagu, buroshi a hannu, gaban wani ƙaton allo da ya juya mana baya. Yanzu matso ka dubi ƙirjinsa. Jan gicciyen nan tambarin ƙungiyar masu sarauta ce ta Santiago, wadda ba ta karɓar mai cin abinci da sana'ar hannu. Sai da aka yi dogon bincike kan asalinsa, aka kuma samo sassauci daga Fafaroma, kafin a karɓe shi a 1659. Shi ya sa ake ganin an ƙara gicciyen ne bayan an gama zanen, Velázquez kuma ya rasu a 1660. A ganinmu babu inda batun daraja ya fito fili kamar nan. Kafin ka bar Prado, nemi zanen kayan tebur na Clara Peeters na 1611. Mace ce daga Antwerp, ta zana 'yar fuskarta sau da dama a ƙyallin buta da kofin zinariya, sai ka sunkuya kafin ka gani.

Wasu kuma ba alfahari ya sa su ba. Caravaggio ya kashe mutum a Rum a 1606, ya gudu da hukuncin kisa a kansa. A zanensa na Dauda riƙe da kan Jaluta, da ke Galleria Borghese a Rum, fuskar yankakken kan ta Caravaggio ce da kansa, kuma ana ganin ya yi shi ne don neman afuwa ta hannun Kadinal Borghese, babban malamin coci na kusa da Fafaroma.

Inda ake kuskure: ba duk mai kallonka ne mai zanen ba, kuma wasu 'yan rakiya sukan faɗi zato kamar tabbas. A zanen Arnolfini na Jan van Eyck da ke National Gallery a Landan, rubutun da ke bango yana cewa van Eyck ya kasance a nan, 1434. Wannan tabbas ne. Mutum biyun da ke cikin madubin ƙasan rubutun kuwa ƙanana ne ƙwarai, cewa ɗayansu shi ne hasashe ne kawai. Karanta ɗan allon bayanin da ke gefe, ka lura ko an ce "ana zaton".

Batun kuɗi da lokaci. National Gallery ta Landan kyauta ce kullum, ranar Juma'a tana kaiwa ƙarfe 9 na dare. Prado kyauta ce a awa biyun ƙarshe: 6 zuwa 8 na yamma Litinin zuwa Asabar, 5 zuwa 7 ranar Lahadi. Layin yakan yi tsawo, ka je da wuri, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki. Gidajen gwamnatin Italiya kyauta ne Lahadin farko ta kowane wata, 'yan ƙasa da shekara 18 kuma ba sa biya. Vatican ƙasa ce daban, nata kyautar Lahadin ƙarshe ce, da safe, kuma sai tufafi sun rufe kafaɗa da gwiwa. Uffizi na rufe ranar Litinin. Borghese sai da ajiyar wuri tun kafin ranar, awa 2 ake ba kowa. Ɗalibi ya riƙe katin makaranta da takardar zama, don da su ake samun rangwame. A duba shafin gidan a intanet kafin a fita, lokuta sukan canza a ranakun hutu.

Babbar jaka sai a wurin ajiya. Kada ka nuna abu da yatsa dab da zane, kada yaro ya tsallake igiya ko layin ƙasa. Ƙararrawa za ta yi kuka, mai gadi ya taso. Bar tazarar hannu guda.

Gaskiya guda da ya kamata mai iyali ya sani: akwai zanen tsiraici da na annabawa da yawa a waɗannan gidaje. Karɓi taswirar gidan a bakin ƙofa, ka yi wa zane uku ko huɗu da kake so alama, ka tambayi ma'aikaci lambar ɗakin, ka nufi can kai tsaye. Ka kuma lissafa da sallah, don ba kasafai ake samun wurin yinta a ciki ba, a lokacin sanyi kuwa magariba a Landan takan faɗi kafin ƙarfe 4. Awa ɗaya da rabi tsakanin azahar da la'asar ta isa ziyarar farko.