Gwajin lupus antikowagulan a Birtaniya: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

Wanda jini ya taɓa daskare masa a ƙafa ko a huhu tun yana matashi, ko macen da ta yi ɓari uku a jere kafin ciki ya kai mako 10, ko ɗaya bayan nan, da wuya likitan Birtaniya bai tura shi wannan gwaji ba. Ku fara da yin rajista da likitan unguwa, wato GP. Kyauta ne, kuma kuna da damar neman tafinta.

Sunan gwajin na da ruɗarwa. Lupus antikowagulan wani sinadari ne da garkuwar jiki ke ƙerawa, shi gwajin ke nema a jini, amma yawancin masu shi ba su da cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke far wa jikin kansa. A cikin kwalba yana jinkirta daskarewar jini, a jiki kuwa shi ke haddasa ta. Yana cikin alamomin cutar antifosfolifid, wadda Dakta Graham Hughes ya fayyace a Landan a 1983.

Ba a buƙatar azumi. Kwalbar ɗibar jinin galibi mai shuɗin murfi ce, kuma dole a cika ta har layi, domin kashi 9 na jini ake haɗawa da kashi 1 na sitiret, sinadarin da ke hana jinin daskarewa a kwalba. Idan ba ta cika ba, sai an sake ɗiba. A ɗakin gwaji ana juya jinin a inji sau biyu don a raba shi da filatilet, ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa, saboda ragowarsu na iya ɓoye sinadarin da ake nema. Daga nan a yi gwaji iri biyu, aPTT da dRVVT, na biyun da dafin wani maciji na Indiya, dangin kububuwa. Idan daskarewa ta yi jinkiri, a gauraya da ruwan jinin mai lafiya. In jinkirin bai gushe ba, a ƙara fosfolifid mai yawa, wani nau'in kitse da jini ke buƙata don daskarewa. Gyaruwarsa a nan ita ce shaida.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne maganin tsinka jini. Warfarin, heparin, rivaroxaban da apixaban duk suna iya sa a ga abin da babu. Ku tafi da kwalayen magungunanku, har wanda aka kawo muku daga gida, ku faɗi sa'ar da kuka sha na ƙarshe. Kada ku daina sha da kanku don gwaji. Zazzaɓi ko sabuwar daskarewa ma kan gurɓata sakamako.

Sakamako ɗaya ba hukunci ba ne. Sai an maimaita bayan aƙalla mako 12, tare da gwajin wasu sinadaran garkuwar jiki biyu, na antikadiyolifin da na beta-2 gilaikofurotin. A nan sababbin zuwa ke yin sake: a sauya gida, wasiƙar asibiti ta tafi tsohon adireshi, a koma farko. Ku sanar da GP ranar da kuka tashi.

Mai ciki da aka tabbatar mata da cutar, galibi asfirin kaɗan da allurar heparin ake ba ta. Kumburin ƙafa ɗaya da zafi, ku kira 111, layin neman shawarar lafiya cikin gaggawa, a ranar. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ku kira 999, layin agajin gaggawa.