Yadda Za a Gyara Tsarin Kuɗin Ƙungiya da Taruka Domin Mambobi Su Dawo

Duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a reshen wata ƙungiyar masu sana'a, ta lauyoyi ce ko ta injiniyoyi ko ta masu haɗa magunguna ko ta 'yan jarida, ya san yadda lamarin yake: rajista cike take da sunaye, amma ranar taro kujeru sun fi mutane yawa, kuma idan ma'aji ya tashi karanta rahoto sai a ga waɗanda suka saba biya su ne dai suka sake biya. Abin da shugabanni suka fi gaggawar yi shi ne ƙara tara da barazanar soke suna. A ganina wannan yana ƙara dagula al'amarin, domin yawancin waɗanda suka janye sun daina biya ne saboda ba su ga amfanin da kuɗinsu ke jawo musu ba, sa'an nan suka daina zuwa taro saboda bashi ya taru a kansu suna jin nauyin haɗa ido da ma'aji. Saboda haka dole a gyara kuɗi da taro a lokaci guda.

Aikin farko shi ne tantance rajista. A naɗa mutum uku waɗanda ba sa cikin shugabanni, su bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, su ware wanda ya rasu, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, da wanda ya yi ritaya, da wanda yake gari amma ya yi shiru. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne abin nema, kuma a kira su ta waya, kada a wadatu da saƙon da ake watsawa a zauren WhatsApp. Tambaya biyu ta isa: me ya hana ka zuwa, kuma me kake so ƙungiya ta yi maka? A rubuta amsoshin yadda aka faɗe su, ko da sun yi ɗaci, domin a kansu za a gina sauran gyaran.

Daga nan sai a zauna a lissafa abin da reshe yake kashewa a shekara: hayar ofis ko zauren taro, kason da ake turawa uwar ƙungiya, man janareta, tallafin rasuwa da jinya, da horaswa. Rassa da yawa suna karɓar adadin da aka tsayar tun shekaru masu yawa, wasu kuma sun ninka shi a zama ɗaya bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Duka biyun kuskure ne, domin na farko yana barin asusu a bushe, na biyu kuma yana korar masu ƙaramin ƙarfi waɗanda tsadar rayuwa ta fi matsa wa.

Mafita ita ce a daina ɗora wa kowa adadi ɗaya. Ba adalci ba ne a ce wanda ya gama bautar ƙasa bara, yana fama da kuɗin mota, ya biya daidai da wanda ya shekara ashirin yana da ofishinsa da ma'aikata. Lauyoyin Najeriya sun daɗe da wannan tsari: kuɗin izinin aiki da suke biya kowace shekara an raba shi ne gwargwadon shekarun da mutum ya yi da zama lauya, masu lambar SAN, wato muƙamin babban lauyan Najeriya, suna biyan mafi yawa, kuma kowa ya san ranar 31 ga Maris ce iyaka. Reshe zai iya yin mataki uku ko huɗu kawai, kada a wuce haka don kada ma'aji ya rikice: sababbin shiga su biya kaɗan ko a ɗauke musu shekarar farko, masu matsakaitan shekaru su biya cikakken adadi, manya su biya fiye, waɗanda suka yi ritaya kuma a bar musu abin da suka ga dama tare da cikakken 'yancin halarta. Wanda ya rasa aiki ko yake jinya ya sami damar rubuta wa sakatare a asirce a dakatar masa da biya na wani lokaci, ba tare da an karanta sunansa a gaban jama'a ba.

Batun tsohon bashi shi ne ya fi buƙatar ƙarfin hali. A ɗauki misalin reshen da ke karɓar naira 2,000 a wata. Mamban da ya shekara uku bai biya ba ana binsa naira 72,000, wato fiye da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, tun kafin a haɗa da tarar rashin zuwa taro. Wannan mutum ba zai dawo ba muddin sharaɗin dawowa shi ne ya sauke wannan nauyi duka. Kuɗin da ma'aji yake rubutawa a littafi a matsayin bashi ba zai taɓa shiga asusu ba, abin da kawai yake yi shi ne tsare ƙofa. Shawarata ita ce babban taro ya amince da yafiya sau ɗaya tak, mai wa'adi bayyananne, kamar wata uku: duk wanda ya biya kuɗin shekarar da ake ciki tare da wani ɗan kaso na tsohon bashi, an share masa sauran. Tabbas waɗanda suka riƙa biya a kan kari za su ji ba a yi musu adalci ba, kuma suna da gaskiya, don haka kada a yi watsi da ƙorafinsu. A saka musu da rangwame a shekara mai zuwa, a ba su fifiko idan gurbin horaswa ya samu, a kuma rubuta cikin ƙudurin cewa ba za a maimaita yafiyar ba, domin idan aka mayar da ita al'ada kowa zai zauna jiranta.

Hanyar biya ba ta buƙatar dogon bayani. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu ko uku, a haramta tura kuɗi ta asusun wani shugaba komai amanarsa, a bar mutum ya zaɓi biyan wata-wata ko sau ɗaya a shekara da ɗan rangwame, kuma kowane biya ya sami rasit a ranar. Kada a sake tsayar da taro ana kiran sunaye ana karɓar kuɗi a tebur.

Abin da ke riƙe mai biya shi ne ya ga inda kuɗi ya tafi, domin gani ya kori ji. Kowane wata uku ma'aji ya fitar da shafi ɗaya mai nuna abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage, a haɗa da takardar bayanin asusu daga banki. A ƙarshen shekara mai binciken kuɗi wanda ba ya cikin shugabanni ya duba littattafan. Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato CAC, tana da wajibcin miƙa rahoton shekara a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, to abin da za a nuna wa hukuma ya fi cancanta a fara nuna wa masu kuɗin. Haka kuma a ɗaure biya da wani haƙƙi da mutum zai ji a jikinsa. Tun zaɓen shugabanta na 2016, wanda A. B. Mahmoud ya lashe, ƙungiyar lauyoyin Najeriya ta koma jefa ƙuri'a ta intanet ga ɗaukacin mambobin da suka cika sharuɗɗa, kuma biyan kuɗi a kan lokaci yana cikin sharuɗɗan. Reshe zai iya yin irin haka da 'yancin zaɓe da tsayawa takara, da tallafin jinya, da takardar shaidar zama mamba.

Taro kuwa, matsalarsa ta farko ita ce yawa da tsawo. An kira ƙarfe goma, shugaba ya iso sha ɗaya da rabi, sakatare ya kwashe rabin awa yana karanta rahoton zaman baya, aka yi gardama a kan kalma ɗaya a cikinsa har aka kira azahar, wanda ya rufe shagon maganinsa ko ya bar marasa lafiya ya tashi bai ƙaru da komai ba. Irin wannan mutum ba tara ce za ta dawo da shi ba. A rage babban taron reshe zuwa sau ɗaya a wata biyu ko wata uku, a bar wa kwamitoci ƙananan ayyuka, a fitar da jadawalin shekara tun watan Janairu. Wajen tsayar da ranaku a kauce wa lokacin sallar Juma'a, da safiyar Lahadi saboda mambobi Kiristoci, da safiyar Asabar ta ƙarshen wata a wuraren da ake tsaftar muhalli kamar Kano, a kuma sassauta a watan azumi. A kammala kafin magariba, domin taron dare yana fitar da mata da yawa daga lissafi, sa'an nan a dawo ana cewa ba sa zuwa.

A tura ajanda da rahoton zaman baya kwana bakwai kafin ranar, yadda a zaure gyara kawai za a karɓa. A fara a kan lokaci ko da shugaba bai iso ba, mataimakinsa ya buɗe, kuma kada zaman ya wuce minti 90. Mafi muhimmanci shi ne a sauya jerin abubuwa, a sa abin da mamba zai ƙaru da shi a gaba: minti 30 na bayani daga wanda ya san aiki a kan sabuwar doka, ko haraji, ko yadda ake neman kwangila, ko wata sabuwar na'ura. Likitoci suna buƙatar makin ƙarin ilimi kafin hukumar da ke kula da aikin likitoci, wato MDCN, ta sabunta musu lasisi, wasu sana'o'in ma suna da irin wannan sharaɗi, don haka reshen da ya nemi izinin bayar da makin a tarukansa ya ba mutane dalilin zuwa wanda ya fi tara ƙarfi. A riƙa ba matasa damar gabatar da bayani, a kuma haɗa kowane sabon shiga da wani babba da zai riƙa duba shi, domin da yawa daga cikinsu aiki da jagora suka zo nema.

Tun annobar korona a 2020 mutane sun saba da Zoom, kuma ya dace a buɗe wa na nesa ƙofa ta nan, musamman waɗanda ke aiki a ƙananan hukumomi masu nisa ko hanyar da ba ta da tsaro. Sai dai a sa mutum ɗaya ya kula da su, ya karanta tambayoyinsu, a kuma rubuta a fili ko suna cikin adadin da ake buƙata kafin a zartar da ƙuduri. Lokaci-lokaci a kai zaman wani gari, kada hedikwatar jiha ta riƙe shi har abada.

Duk waɗannan sauye-sauye sai sun bi ta kundin tsarin mulki. A duba abin da ya tanada game da sanarwa da rinjayen da ake buƙata, reshe ya tabbatar bai saɓa wa dokokin uwar ƙungiya ba, a raba daftarin gyara wata guda kafin babban taro. A amince da shi a matsayin gwaji na shekara ɗaya, sakatare ya riƙa rubuta adadi uku bayan kowane zama: waɗanda suka halarta, waɗanda suka biya, da sababbin da suka shigo, a kawo su gaban taron shekara a yanke shawarar abin da za a riƙe da abin da za a sauya.