Yadda na gyara ɗanɗanon ƙarfe bayan shimiyo

Masu shan shimiyo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa) na kansar nono sun san zancen, musamman jan ruwan nan doxorubicin da ake ƙara mana kowane kwana 21, wanda har fitsari yake mayarwa ja. Baki sai ya koma kamar ka tsotsi ƙusa, tuwo ƙarfe, nama ƙarfe, ruwa ma haka, ga tashin zuciya.

Wata hajiya 'yar Tawa da muke jiran layi tare nan Yamai ta ce min, ɗiyata ajje cokalin ƙarfe ki koma ludayin duma ko na roba. Wallahi ya rage sosai. Sai na daina cin abinci da zafi, turirin ne ke tada zuciya, na koma fura mai sanyi da kunun tsamiya kaɗan-kaɗan, ba sai na ji yunwa ba. Kafin ci ina kurkure baki da ruwa, gishiri da bikarbonat (farar hodar soda ta girki) 'yar ƙanƙanuwa. Lemun tsami ma na taimakawa amma in bakinki ya yi gyambo ki bar shi, zafi ne kawai.

Maganin amai kuwa na likita ina sha a kan lokaci, sauran jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa sai na tambayi dokta tukuna.