Yadda Ake Auna Sharhin Sabon Kundin Tsofaffin Mawaƙa

Idan tsofaffin mawaƙa suka dawo bayan dogon shiru, kada ka dogara da sharhi guda, domin tsohuwar ƙauna takan rinjayi alƙalamin mai sharhi. Ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin ta saki kundin Voyage a Nuwamban 2021, shekara 40 bayan na baya, mujallar Rolling Stone ta ba shi taurari 4 cikin 5, jaridar Guardian kuwa 2 kacal. Ka karanta dalilan kowannensu, ka lura ko da tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar aka gwada shi ko da na mawaƙan yau. Kaiwar kundin matsayi na ɗaya a kasuwar Birtaniya yawan masoya kawai ya nuna, don haka ka saurare shi da kunnenka.